Ganyen Kabewa a Kangon Jakara

To, tunda kun haɗu a kan za ku shuka kabewa a buhuna bana, kuma abin da ya kawo ku wurina shi ne ku ji sunan maganin da ake fesa mata in ganyenta ya yi rawaya, ku gyara zama. Ba ni da suna guda da zan ba ku. Na ga ɗayanku yana ɗaukar ganye hoto a waya, wai ita za ta gaya masa cutar. Ban ce ba ta san komai ba, amma waya ba ta tona ƙasa, kuma rabin abin da ke damun kabewa a ƙarƙashin ƙasa yake.

Sunana Iro, a unguwar Madabo aka haife ni, kuma na haura shekara arba'in ina noman kango. Da yawanku ba su san akwai sana'a mai wannan suna ba. In gidan ƙasa ya rushe a cikin gari, magada ba su daidaita ba ko ba su da halin gini, filin yakan zauna shekara da shekaru har ya zama juji. Mu ne muke zuwa mu nemi izini, mu share, mu shuka kabewa da damina. Mai kango ya samu wanda zai hana a mai da masa fili bola, da kaka kuma a kai masa rabonsa. Mu ma mu samu abin kai wa kasuwa. Babu takarda a tsakani. Ranar da aka ce ka tashi, sai ka tashi, shi ya sa mai noman kango ba shi da jarin da ya wuce zaman lafiya da mai fili da maƙwabtansa.

Kangon farko da na shiga da sunan aiki yana Sheshe, a hannun Baba Mamuda, ƙanin kakata. Na zo da fartanya a kafaɗa, ya ce in ajiye ta. Ya ce in zaga in faɗa masa inda madafi yake a da, inda turken awaki yake, inda makewayi yake. Ni kuwa ba abin da nake gani sai tulin jar ƙasa da tumfafiya da zaƙami. Shi ne ya riƙa nuna mini da sandarsa. Nan ƙasa ta yi baƙi da laushi, toka ce, madafi ke nan. Nan zaƙi-banza ya yi duhu ya kai gwiwa, turke ne, a nan za mu sa ramukan da muka fi ji da su. Nan ƙasa ta ɗan lotsa, tsohuwar shadda ce, ramin makewayi, kada ka taka. Tsakar gida kuwa daɓe ne, ruwa yana kwanciya a kai, sai an fasa da diga. Ya ce gonar ƙauye ƙasarta ɗaya ce daga wannan kunya zuwa waccan, amma a kango taku uku ya isa ƙasa ta canja, domin mutane sun yi shekara ɗari suna zuba abu ɗaya a wuri ɗaya.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Fartanya mai gajeriyar ƙota, diga, adda, tsohuwar aska, da sanda mai baki biyu ta ɗaga yaɗo, don ƙarƙashin kabewa akwai sanyi, kuma ba kai kaɗai ke son sanyin ba, kunama da maciji ma suna so. Shekara uku na yi a hannun Baba Mamuda kafin ya yarda in faɗi abin da ke damun shuka da bakina. In na yi saurin magana sai ya tambaye ni ko na tona. In na ce a'a, sai ya juya ya ci gaba da aikinsa kamar ban ce komai ba.

Wata Hajiya a Madabo ta taɓa aikowa a kira ni, hankalinta a tashe, wai kabewar da ta shuka a bayan ɗakinta tana mutuwa. Na tarar ganye uku ne na can gindi suka yi rawaya, sauran shar da su, ga 'ya'ya biyu sun fara nauyi. Tsufa ne kawai. Uwar tana janye abincin tsofaffin ganye tana ba 'ya'yanta. Na tsinke su na ce ta bar ta ta sarara. Da a ce rawayar ta taso daga gindi tana hawa yaɗon bai-ɗaya, sabon ganye yana ƙanƙancewa, to wannan yunwa ce, sai a ba ta kashin awaki da ya riga ya huce, ko na tantabara ɗan kaɗan, nesa da gindi.

A Sheshe kuma na taɓa tarar da yaɗo ɗaya tak ya yi laushi da rana tsaka, ganyensa ya ɗashe, 'yan uwansa lafiya lau. Na bi shi da sanda har gindi, na ga ɗan rami da wani abu kamar jiƙaƙƙiyar dusa a bakinsa. Tsutsa ce a cikin karan. Na tsaga shi da aska a tsaye, ba a gicciye ba, na zaro ta fara sol, na rufe wurin da ɗanyar ƙasa. Ya kafa sabuwar saiwa ya ci gaba da tafiya. Wadda ba ta da magani ita ce mai dabbare-dabbare, ganye ya yi kore da rawaya kamar atamfa, ya tattare ya murɗe. In ka juya bayansa za ka ga darɓa ko ƙananan fararen ƙudaje, su ke yawo da cutar. Wannan sai ka tuge ka ƙona, ka wanke hannu kafin ka taɓa na gaba. Kun ga duk rawaya ce, amma wata tsinkewa take so, wata taki, wata aska, wata wuta.

Masu sayen kabewata yawanci masu tuwon sayarwa ne, sai gidajen da ke miyar taushe da salla ko suna. Mai tuwo ta fi kowa sanin kabewa. Za ta ƙwanƙwasa ta ji sautin, ta sa farce a ɓawon, ta duba ko hancin ya bushe. Mai gari take so, wadda za ta ɗaure miya. In ka sayar mata mai ruwa sau ɗaya ba za ta yi maka faɗa ba, ba dai za ka sake ganinta ba.

Mummunar shekarata ta zo damina biyu bayan rasuwar Baba Mamuda. Kango huɗu nake riƙe da su, ruwa kuma ya yi ta sauka kwana da kwanaki ba ƙaƙƙautawa. Ganye ya yi rawaya ko'ina. A lokacin takin zamani ya fara yawa a kasuwa, kowa yana yabonsa, na ce ai yunwa ce, ruwa ya wanke abincin ƙasa. Na zuba shi hannu sake a duka huɗun. Ashe saiwar ce take ruɓewa a cikin taɓo, takin kuma ya ƙarasa ta. Da na tona ko rami ɗaya, wari kaɗai ya isa ya gaya mini magudana take so in yi mata. Cikin mako guda komai ya kwanta. Shekarar nan dako na yi a kasuwar Kurmi, irin da na shuka baɗi ma wata tsohuwa ce a Sheshe ta tausaya ta ba ni. Na ɗauka daga nan na gama koyon darasin tono. Ashe da saura.

Aikin da nake so ku ji da kyau na Jakara ne, kuma a lokacin na riga na yi furfura. Kangon na zuriyar Alhaji Sabo ne, mai sayar da yadi, gidan kakansa ne ya rushe, shi ne kuma babba a cikin magada. Da rani na karɓi wurin, komai ya bushe, shara ta rufe ko'ina. Na kwashe, na ƙone, na haƙa ramuka wajen talatin. Ban zaga na karanta shi kamar yadda aka koya mini ba, don gani nake idona ya riga ya saba. Ramuka biyar na jera a jikin katangar gabas. Katangar ta Malam Habu ce, baduku, mai ɗinkin takalma da jakunkuna. Shi da Alhaji Sabo tare suka tashi, makarantar allo ɗaya suka yi, sahu ɗaya suke tsayawa a masallacin layin.

Ruwa ya yi kyau a shekarar, kabewa ta tashi da ƙarfi, na jikin katanga suka kama hawa. Malam Habu ya same ni a kango ya yi mini magana cikin mutunci. Ya ce katangarsa ta ƙasa ce, yaɗon yana riƙe mata laima, kuma an kashe maciji a ɗakin da yake ajiye fatu. Na ce in sha Allahu zan sauke. Ban sauke ba, don na ga yaɗon ya ɗaura 'ya'ya, na ce bari su ɗan yi ƙwari. Da mako ya zagayo bai ga komai ba, sai ya yi maganar a ƙofar masallaci a gaban jama'a, ransa a ɓace. Ya ce in ba za a cire masa kabewar ba, shi ya san abin da zai yi mata.

Kwana takwas bayan haka na shigo da safe na tarar biyar ɗin nan na jikin katanga sun yi rawaya, sauran kangon kore shar. Ina tsaye daga nesa ina kallo sai ga Alhaji Sabo zai wuce kasuwa. Ya leƙo ya tambaye ni me ya same su. Ban matsa ba, ban juya ganye ba, ban sa yatsa a ƙasa ba. Maganar ƙofar masallaci ce a kunnena. Na ce, "Alhaji, wannan kamar an zuba mata wani abu."

Magana zarar bunu. Kafin la'asar ta gama unguwa, har wani ya ce ya ga Malam Habu yana sayen maganin kashe ciyawa kwana uku da suka wuce. Alhaji Sabo ya je ya tambaye shi gaba da gaba. Malam Habu bai musa ba. Ya ce ya saya, amma bai zuba ba, ƙanin matarsa da ya zo daga ƙauye ya ba wa ya tafi da shi gona. Aka ce ina kwalbar, ya ce ai ta tafi. Ku da kanku in kun ji wannan amsa me za ku ce?

Alhaji Sabo ya ce shi ba kabewar ce ta dame shi ba. Mutumin da suka yi shekara hamsin tare ya tsallako filin gadonsu ya zuba guba inda awaki ke kiwo, yara ke shiga tsintar ƙwallo, sannan ya dube shi ya yi masa ƙarya, wannan ne ba zai haɗiye ba. Ya hana iyalinsa shiga gidan Malam Habu. Ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka sa ranar Juma'a bayan la'asar. Malam Habu kuwa ya daina zuwa masallacin layin, sai ya zagaya can wani da ke bayan kasuwa, ya dawo kansa a ƙasa. Masu kawo masa ɗinki suka fara ja da baya. Ran Talata Alhaji ya aiko mini cewa ni ne shaida, tunda ni ne masanin abin.

Kalmar shaidar nan ce ta tashe ni. Faɗin magana a bakin kango daban, maimaita ta a gaban liman da mai unguwa daban. Na tambayi kaina me na gani da idona, na tarar ban ga komai ba sai launi daga nesa.

Ran Laraba da hantsi na koma da diga da fartanya, na tsuguna a gindin ta farko. Abin da na fara lura da shi, rawayar a sababbin ganye take, na can kan yaɗo. Sun yi fari-fari kamar an wanke su, amma jijiyoyinsu kore ne shar, kamar an zana da alƙalami. Tsofaffin ganyen kuma bakinsu ne kawai ya ƙone. Maganin ciyawa na san aikinsa. Inda ɗigonsa ya sauka yakan ƙona, ko ya murɗe kan shuka, kuma a kwanakin nan da tuni sun zama karmami. Waɗannan kuwa da ransu, har suna ƙoƙarin miƙa sabon yaɗo.

Sai na dubi ƙasa. In an yi feshi, dole a ga gawar ciyawa. A kusurwar nan babu gawa, babu mai rai, fili ne fetal, alhali taku huɗu daga nan tafasa ta yi duhu. Nan na tuna ko a noman farko ban sha wahala a wannan gefen ba, har na ji daɗi a lokacin, ban tambayi dalili ba.

Na sa diga. Kamu ɗaya na sama jar ƙasa ce mai kyau, ɓaraguzan bangon da ya faɗo. Ƙarƙashinta sai na ci karo da tsohon daɓe, launinsa toka-toka, da na jiƙa shi da yawu sai ya yi santsi a yatsa kamar sabulu. Saiwar kabewar ta ratsa jar ƙasar lafiya, tana isa daɓen ta tsaya, bakinta ya yi baƙi ya dunƙule. Na ɗebi ɗan kaɗan na sa a harshe. Kanwa ce. Ba ƙanshinta ba, ita kanta, har ta ɗaure mini baki.

Na zauna a kan tulin ƙasar ina lissafin abin. Tun da aka shuka su suna cin ƙasar sama, sai a makon nan ne saiwarsu ta kai ƙasa, kuma makon ya zo daidai da faɗan. Amma na san in na tsaya a nan, wani zai ce ai ruwan kanwa Malam Habu ya kwarara. Sai na samu wanda ya san gidan tun yana tsaye.

Na yi tambaya aka ce saura mutum ɗaya da aka haifa a ciki, Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifin Alhaji Sabo, tana zaune wurin 'yarta a Madabo, ta kusa casa'in. Na je da azahar, aka yi mini iso, na zauna daga bakin ƙofa. Ban gaya mata abin da ake ciki ba, don kada ta ba ni amsar da take zaton ina so. Na ce ni ne mai noma a kangon gidansu, ina so ta kwatanta mini yadda ɗakunan suke. Sai fuskarta ta washe. Ta riƙa zanawa da yatsa a kan tabarma, nan zaure, nan turakar babansu, nan ɗakin innarta, nan rijiya. Na ce to na jikin katangar gidan dukawa fa, na wa ne?

Ta yi dariya ta ce, "Wannan ai ba na kowa ba ne, ɗan nan. Ɗakin kanwa ne. Babanmu fataken gabas ke sauke masa, a jibge ta har rufi. In damina ta zo sai ta riƙa narkewa tana tsiyaya a daɓe. Awakinmu kullum suna can suna lasar bango. Mu kanmu in za a yi kunu ba ma taɓa buhu, daɓen muke kankarowa."

Na tambaye ta shekara nawa aka yi ana ajiye ta a nan. Ta ce ita dai ta buɗe ido ta gan ta, kuma har aka kai ta ɗakin miji tana nan. Ta ƙara da cewa in dai a nan na yi shuka, to Allah ya ba ni haƙuri.

Ran Alhamis na samu mai unguwa na roƙe shi a yi zaman a cikin kangon maimakon ƙofar gidansa. Ya tambaye ni dalili, na ce shaidata a ƙasa take, ba ta ɗaukuwa. Ya yarda. Ban je wurin Alhaji Sabo ba, ban je wurin Malam Habu ba. Tunda a bainar jama'a aka ɓata mutumin, na ga ya kamata a wanke shi a bainar jama'a.

Ran Juma'a bayan la'asar aka taru, mai unguwa, liman, su biyun, da maƙwabta kamar goma. Malam Habu ya tsaya can gefe shi kaɗai, hannunsa a baya. Na zo da lemon tsami a aljihu da faranti biyu na tasa. Na nuna musu ganyen da jijiyoyinsa, na nuna musu babu gawar ciyawa. Sannan na ba liman digar na ce ya zaɓi inda yake so a jikin katangar, ba ramin da na tona ba. Ya nuna, aka tona a gabansu. Na ɗebi ƙasar sama na sa a faranti ɗaya, na ɗebi ta daɓen na sa a ɗayan. Na matse lemon a kan ta sama, ya shige shiru. Na matse a kan ta ƙasa, sai ta ɗauki tsuwa tana kumfa. Babu wanda na yi wa bayani. Duk wanda ya taɓa ganin an jefa kanwa a tukunyar yakuwa ya san wannan kumfar.

Na ce da daga sama aka zuba, ta sama ce za ta yi kumfa. Sannan na faɗi abin da Gwaggo Asabe ta gaya mini, kalma da kalma. Alhaji Sabo ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya sa a harshe. Ya miƙe yana kaɗe hannunsa. Da ya yi magana a hankali ya yi ta, ya ce ɗakin kanwa, wallahi ya tuna, suna yara akan kore su daga ƙofarsa.

Na ce kafin kowa ya ce komai, a san cewa daga bakina maganar ta fito. Alhaji tambayata ya yi a matsayin wanda ya sani, na ba shi amsa ban duba ba. Kuma tun farko Malam Habu ne mai gaskiya a kan katangarsa, na yi masa alkawari na saɓa. Mai unguwa ya dube ni ya ce da kowane shaida zai yi kwana biyu yana tona kafin ya zo, da rabin zaman da yake yi bai yi ba.

Alhaji Sabo ya taka har inda Malam Habu yake. Ba mu ji duk abin da ya ce ba, mun dai ga ya kama hannunsa da hannu biyu bai saki ba. Abin da na ji shi ne amsar Malam Habu, da ya ce, "Ya wuce, Sabo. Ni ma bakina ne ya ja mini." Liman ya yi addu'a aka shafa. Sai a lokacin na tuna tun ran Talata ban ci abincin kirki ba. Da aka kira magariba, tare suka shiga masallacin layin.

Washegari na sauke yaɗon daga katanga gaba ɗaya. Uku da suka fi kusa da ita na tuge su, don babu feshin da zai raba ƙasa da kanwar shekara sittin. Biyun da suka rage na juya yaɗonsu zuwa tsakiyar kango, na binne gaɓoɓinsu a ƙasa mai kyau da kashin awaki, don kabewa tana kafa saiwa a duk gaɓar da ta taɓa laima. Cikin mako biyu sabon ganye ya fito kore. Sauran ramukan kuwa sun yi 'ya'ya fiye da yadda na zata, masu gari, har masu tuwo suna rige-rige. Ta farko da na yanke Gwaggo Asabe na kai wa. Da ruwa ya ɗauke na kwaɓa ƙasa na yaɓe wa Malam Habu inda laima ta ci masa katanga.

Amma ban jira kaka ba kafin na same shi shi kaɗai. Ran Lahadi bayan zaman na je zaurensa, na tarar yana yanka fata a kan katako. Na gaishe shi, na zauna, na ce na zo neman gafara ne tsakanina da shi, ba a gaban mutane ba. Ya ci gaba da yankansa har ya kai ƙarshen layin, sannan ya ajiye wuƙar.

Ya ce zai gaya mini abin da bai gaya wa mai unguwa ba. Ranar da ya sayo maganin da niyyar zubawa ya sayo shi. Ya jingina tsani a katanga ya hau da kwalbar a hannu, sai ya ga wata 'yar kabewa tana reto ta ɓangarensa, ba ta wuce dunƙulen hannu ba, furen ma bai gama faɗuwa daga bakinta ba. Ya tsaya yana kallonta, ya kasa. Ya sauko ya ba surukinsa kwalbar don kada ya sake ganinta a gidan. Shi ya sa da aka tuhume shi bai iya ɗaga murya ba, don ya san saura ƙiris ya zama gaskiya.

Na ce Allah ne ya tsare mu duka. Ya ce haka ne. Ya ɗauki wuƙarsa, ya gyara fatar, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Na yafe maka, Malam Iro, duniya da lahira. Amma baɗi, taku biyar daga katangata."

Da baɗi ta zo, ranar haƙa ramuka, ya fito ya tsaya a bakin kango yana ƙirga mini. Na auna bakwai.